Takin da Ya Riga Hukunci Isa Gona

Wana, wanda nake bi, ya daɗe yana aikin magatakarda a wata kotun shari'a ta yankinmu, ba sai na faɗi wace ce ba. Gida ɗaya muke zaune da shi a Ƙaraye, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni da nawa a na yamma, zaure ɗaya ya haɗa mu. Kullum da safe zai turo babur ɗinsa waje, ya ɗaure jakarsa a baya, ya yi addu'ar fita, ya kama hanya. Yaya nake ce masa tun ina yaro, har yau da gemunmu ya yi fari ban sauya ba.

Alƙalin da yake yi wa aiki dattijo ne wanda ya yi karatun zaure kafin ya yi na zamani. In zai yanke hukunci, da ajami yake fara tsara shi da hannunsa, yana sokewa, yana ƙari a gefen takarda. Sai ya miƙa wa Yaya ya juya shi zuwa boko a kwamfuta, ya mayar masa ya duba. Wannan rubutu na farko shi suke kira daftari. Muddin alƙali bai zauna ya karanta shi a gaban masu shari'a ba, bai zama hukunci ba, yana iya tashi da safe ya sauya shi. Saboda haka duk wanda ya gani, amana ce a wuyansa, ba shi da izinin ya furta ko kalma ɗaya daga ciki, ko ga wanda zai yi nasara, ko ga wanda zai faɗi.

Yaya ya riƙe wannan amana riƙon da har ya zama abin tsokana a gidanmu. In na ji ana maganar wata shari'a a kasuwa na dawo ina zolayarsa ya ɗan ɓantaro mini, matarsa ce ke amsawa daga tsakar gida, da yake akwai wasa tsakanina da ita.

"Kai dai ƙaramin miji ba ka da aikin yi," in ji ta. "Ni da nake wanke masa riguna, ko takardar ƙosai ban taɓa tsinta a aljihunsa ba. Kai ne zai gaya wa?"

Yaya sai ya yi murmushi ya ci gaba da alwalarsa.

To, akwai wani tsoho manomi daga wani ƙauye kusa da Ruwan Bago, a ƙasar Rogo. Ya san mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tun zamanin da yake zuwa ƙauyukansu awon gyaɗa. Wannan tsoho yana da gona da ya gada daga mahaifinsa, mai ɗorawa a tsakiya. Yana saurayi ya tafi kudu neman abinci, ya bar wa ƙaninsa aronta. Tafiyar ta yi tsawo, ƙanin ya yi ta noma, ya haifi 'ya'ya, ya rasu. Da tsohon ya dawo gida da ƙarfinsa ya ƙare ya ce a ba shi gonarsa, 'ya'yan ƙanin suka ce su dai a ciki suka buɗe ido suka ga ubansu, gadonsu ce. Aka yi zama a gaban dagaci ba a daidaita ba, magana ta kai kotun su Yaya. Alƙali ya ba da umarni kowa ya janye ƙafarsa daga gonar har a yanke hukunci. Damina ta zo ta wuce, gona tana kwance ba shuka.

Abin da tsohon yake so bai taɓa ɓoye shi ba. Yana so ya sake zuba iri da hannunsa a gonar ubansa kafin ya koma ga Allah.

Ranar kasuwar Ƙaraye yakan biyo ta zaurenmu ya gaishe mu saboda zumuncin mahaifinmu. Tunda aka fara shari'ar, da Yaya ya ji sallamarsa sai ya sulale cikin gida ya bar ni da shi. Tsohon ya gane, bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Shekarar da abin ya faru azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi kamar ya dafa mutum. An gama sauraron shaidu, alƙali ya rubuta daftarinsa, Yaya ya buga, aka sa ranar karantawa sai bayan ƙaramar Sallah. Ga shi kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma, manoma sun gama sharar gona, amalanken shanu sai kai da kawowa suke da taki.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar muna kishingiɗe a zaure ni da Yaya, azumi ya kwantar da mu, sai ga sallamar tsohon a bakin ƙofa. Wannan karon babu hanyar sulalewa. Muka tashi zaune, aka gaisa, aka tambayi iyali da ibada da zafi, aka yi wa mahaifinmu addu'a. Na lura ya rame, idonsa ɗaya ya fara yin fari.

"Malam," ya ce wa Yaya, "kwantar da hankalinka, ba zancen shari'a ya kawo ni ba. Na san bakinka a ɗaure yake. Tambayar manomi zan yi maka."

"Ina jin ka, Baba."

"Ina da taki jibge a bayan gida, na awaki da tumaki, tun bara nake tara shi. Ɗana ya ce tunda ba mu da inda za mu kai, a bar surukinsa ya kwashe kafin ruwa ya wanke shi. Ni kuwa na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. In na bayar, kamar na sallama ke nan. In na hana, yara su ce tsufa ya taɓa ni. Ba na barci, Malam. Idon nan kuma kana gani, ban san ko zai kai ni wata daminar ba."

Yaya ya sunkuyar da kai yana jan zaren tabarma. Na san Yaya, na zaci zai ce Allah ya zaɓa mafi alheri, kamar yadda ya saba sallamar kowa. Sai na ji ya ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Baba, riƙe takinka. Gonarka ce za ta ci shi, in Allah ya yarda. Amma don Allah maganar nan kada ta wuce zauren nan."

Tsohon ya ɗaga hannuwa sama. "Wallahi ko matata ba za ta ji a bakina ba," in ji shi. Ya yi ta sa albarka har ya fita, ya manta sandarsa sai da na bi shi da ita.

Da na dawo na tarar da Yaya ya zuba wa ƙofa ido. Da aka kira magariba ko dabinon kirki bai ci ba.

Tsohon ya cika alkawari, bai gaya wa kowa ba. Amma manomi ne. A wurinsa taki ba ya jiran takarda, kafin ruwa ake kai shi, in ya sauka ya jiƙa shi ya ratsa ƙasa. Da ya ga hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa, sai ya ɗauko mai amalanke, aka yi ta jigila, aka jera taki tsibi-tsibi tun daga bakin hanya har bayan ɗorawa. A ganinsa bai shiga gona ba, tunda bai sa fartanya ba, bai zuba iri ba. Bai kuma yi magana ba. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mutum ba ya kai takinsa gonar da bai tabbata tasa ba ce.

Bai tsaya nan ba. Ana jajibirin Sallah ya aiko wani mai zuwa kasuwa da jan zakara, ya ce a kai gidan Malam. Mu duka muna waje. Matar Yaya ta zaci irin alherin da mutanen ƙauye suka saba yi wa gidan mahaifinmu ne, ta sa aka yanka. Ranar Sallah muka ci shi da waina, har ina yaba mata miya. Sai da aka kwashe kwanuka Yaya ya tambayi inda aka samo kaza, ta faɗa masa. Na ga fuskarsa ta sauya, ya tashi ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Ranar da za a karanta hukunci, da sassafe masinjan kotu ya bugo masa waya ya ce 'ya'yan ƙanin tsohon sun zo da hotunan gona a wayarsu, suna nuna wa duk wanda ya tsaya. Yaya ya turo babur, ya taka ya kasa tayarwa. Ya ce, "Zo ka kai ni." Shi ya sa na halarci zaman.

Kotun ta cika, don mutanen ƙauyen sun zo da yawa. Alƙali ya shigo, aka miƙe, aka zauna. Yaya yana kan ƙaramin teburinsa a ƙasan na alƙali. Kafin a buɗe fayil, babban ɗan marigayin, wani tela da ke ɗinki a Rogo, ya nemi izinin magana.

"Allah ya gafarta Malam, an ce kowa ya janye ƙafa, mun janye. Ko ciyawar akuya ba mu yanka a gonar nan ba, gonar da ubanmu ya tsufa a cikinta. Yau ga taki Baffa ya jera daga wannan iyaka zuwa waccan. Baffa ba mahaukaci ba ne, ba ya zubar da takinsa a banza. Ashe an gama shari'a mu ne ba mu sani ba. Muna so a gaya mana wa ya karanta masa."

Ya miƙa wayar, masinja ya kai wa alƙali. Alƙali ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi tsohon.

"Baba, takinka ne wannan?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam."

"Me ya sa ka kai?"

"Hadari na gani. Amma na rantse ban faɗa wa kowa komai ba. A tambayi matata."

"Ba wanda ka faɗa wa nake tambaya ba. Wa ya faɗa maka?"

Ƙarya ba ta cikin halin tsohon, kuma ya yi alkawari. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya juya ya dubi Yaya, kallon mai neman a cece shi. Yaya bai bar shi ya daɗe a haka ba. Ya ajiye biro, ya miƙe tsaye.

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

Kotu ta ɗauki hayaniya. Ƙanin telan ya ɗaga murya daga baya: "To Malam magatakarda, me aka ba ka? Faɗa mana, mu ma da mun sani da mun kawo namu!"

Tsohon ya zabura zai kare Yaya. "Kai, yaro, ji tsoron Allah! Ba abin da ya karɓa. Zakara ne kawai na aika, goron albishir. Ko an daina ba da goron albishir ne?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Ni kuwa na tuna miyar Sallah. Tsohon yana ta waige-waige, bai gane abin da ya faɗa ba.

Alƙali ya sa aka yi shiru. Ya ɗora tafinsa a kan fayil ɗin, bai buɗe ba. Ya ce abin da ke ciki ba zai karantu ba kuma, domin ko da gaskiya ce tsantsa, wanda ya faɗi zai tafi gida yana cewa da zakara aka saye ta, kuma ba wanda zai iya cire masa wannan daga zuciya. Ya ce ya janye hannunsa daga shari'ar, zai mayar da fayil Kano a ba wani alƙali ya fara daga farko. Umarnin hana shiga gona yana nan. Ya tashi ya shige ofishinsa, ya sa aka kira Yaya.

Na jira a gindin darbejiya a waje. Tsohon ya zo ya tsaya kusa da ni. "Ɗan nan," ya ce, "yaushe za a karanta, ke nan? Ruwa fa ya kusa."

Abin da ya gudana a ofis sai bayan wani lokaci Yaya ya gaya mini. Ya ce alƙali bai yi masa tsawa ba. Ya dai ce masa: "Da ka zo ka ce mini damina za ta wuce tsohon nan, da na matso da ranar. Ƙofata ba ta taɓa rufuwa gare ka ba. Ka tausaya masa ta hanyar da ta fi kowace cutar da shi." Yaya ya ce da mari alƙali ya yi masa da ya fi sauƙi.

Aka dakatar da shi, aka kira shi Kano ya amsa tambayoyi, shi ma alƙalin sai da ya rubuta bayani. Maganar zakara ta fi komai wahalar wankewa. A ƙarshe sun yarda ba cin hanci ba ne, amma fitar da daftari laifi ne mai zaman kansa, aka yi masa ritayar dole. Ya dawo zaure. In ya ratsa kasuwa, matasan teburin mai shayi sukan ce, "Malam, albishirinka!" wani ya amsa da cara irin ta zakara. Yaya bai taɓa juyawa ba. Matarsa kuwa ta daina wasan aljihu, ta kuma daɗe ba ta yanka kaza a gidan ba.

Ruwa ya sauka kwanaki kaɗan bayan zaman, aka yi shuka ko'ina. Cikin daminar wata hidima ta kai ni Rogo, na ratsa ta gefen gonar. Maƙwabtanta duk dawa da masara sun kai ƙugu, ita kuwa tana kwance. Tsibin takin nan kowanne ya zama ɗan tudu kore shar, zaƙi-banza da tafasa sun rufe shi, wani har kabewa ta fito a kansa tana yaɗo ba mai tsinka. Na tsayar da babur na daɗe ina kallo. Da na dawo ban gaya wa Yaya ba.

Bayan kaka tsohon ya zo, ɗansa na riƙe da hannunsa. Wannan karon Yaya bai sulale ba, shi ya shimfiɗa masa buzu.

"Malam, na zo ka yafe mini. Na raba ka da abincinka."

"Baba, ni zan nemi gafararka. Da na yi shiru da yanzu dawarka tana rumbu."

"A'a, ni na kai taki."

"Ni na buɗe baki."

Suka yi ta ja, kowa na janyo laifin kansa, har ɗan tsohon ya ce, "To ku raba shi biyu mana, kowa ya ɗauki rabi." Aka yi dariya, ta farko da na ji Yaya ya yi tun ranar kotu.

Sabuwar kotun tana da nisa, kuma komai sai da aka sake. Yaya ba shi da ikon ko leƙa ta, amma duk ranar zama shi ke tashi da wuri ya je ƙauyen ya ɗauko tsohon a babur ya kai shi tasha. Ana cikin haka dattijon da ya fi kowa sanin zancen aron, wanda aka yi maganar a gabansa tun farko, ya rasu kafin a sake kiransa. Daminu suka yi ta wucewa. Idon tsohon na biyu ma ya rufe. Daga ƙarshe sabon alƙali ya ga hujja ta yi rauni ta kowane ɓangare, ya kira su sulhu. Aka yanka gonar a ɗorawa: daga ita zuwa rafi na tsohon, daga ita zuwa bakin hanya na 'ya'yan ƙaninsa. Kowa ya sa hannu.

Ranar da ruwan shuka ya sauka a shekarar, tsohon ya sa aka bugo waya ya ce Malam ya zo. Muka tafi tare da hantsi, ƙasa na ƙamshi. Muka tarar an kawo shi gindin ɗorawa, da ƙwaryar iri a cinyarsa. Ɗansa ya shiga gaba da sungumi yana sara. Yaya ya naɗe ƙafar wando, ya kama damtsen tsohon, yana gaya masa, "Ga rami, Baba." Shi kuma ya jefa ƙwayar dawa, ya rufe da diddige, ya ce bismillah, su matsa. Hannunsa bai manta adadin da ake jefawa ba. Layi kaɗan ya yi numfashinsa ya gaza, aka mayar da shi inuwa.

A ɗaya ɓangaren telan da ƙannensa su ma suna shuka. Can telan ya ajiye sungumi ya tako ya durƙusa.

"Baffa, ina kwana? An samu ruwa."

"Alhamdu lillahi. Wane ne, tela ne? Yaya ƙasar wajenku?"

"Baƙa wuluk, Baffa. Inda aka zuba takin nan duk ya fi."

"To ka ji," in ji tsohon, yana juyowa wajen da yake jin numfashin Yaya. "Yawancinsa a nasu ya faɗa. Kai tela, takin nan aro ne fa. Kada 'ya'yanka su tashi su ce gado ne."

Telan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ji. Ya gaida Yaya ma, a taƙaice, bai dube shi sosai ba.

A hanyar dawowa ni ke tuƙi, Yaya na baya, laka ta bushe a ƙafafunsa. Abin da ya daɗe yana cina na kasa riƙewa. Na rage gudu na ce, "Yaya, yanzu dai komai ya wuce. Daftarin nan na farko, duka gonar ya ba shi, ko shi ma rabawa ya yi?"

Muka wuce wata amalanke.

"Ba a karanta shi ba," in ji shi. "Kula da ramin can."